Sabuwar kokawar yaranmu: Kamu na biyu ne ke karya hannu

A wannan mako zan ɗauke ku daga kantin magani zuwa fagen kokawa, kuma wani yaro ne ya jawo hakan.

Makonni kaɗan da suka wuce wata uwa ta shigo wurin aikina a Nguru da ɗanta mai shekara 15. Ya tallabe hannunsa na dama da na hagu, gwiwar hannun ta kumbura har fatar tana sheƙi. Ta ce, "Malama, a taimaka mana da maganin ciwon jiki mai ƙarfi. Wasa suka yi da abokinsa shekaranjiya, ya yi targaɗe." Na tambayi yaron wane irin wasa ne. Ya yi jim, ya saci kallon mahaifiyarsa, sannan ya ce kokawa ce, irin wadda suke gani a waya. Abokin ya kai shi ƙasa, ya zauna masa a ciki, ya sa hannu zai shaƙe shi. Shi kuma ya tura ƙirjin abokin da iyakar ƙarfinsa har wuyansa ya kuɓuta. Sai ya ce mini, "Anti, ai na riga na fita daga shaƙar. Ban san lokacin da ya kama hannun ba. Ƙara kawai na ji."

Da na ba wata abokiyar aikina da ke Gashuwa labarin, sai ta ce ita ma ta ga irinsa fiye da sau ɗaya, daga samarin da ke taruwa kan rairayin bakin kogi da yamma suna gwada abin da suka kalla. Shi ya sa na ga ya kamata mu zauna mu fahimci wannan wasa. Uba ko uwar da ba su san yadda yake tafiya ba, ba za su san inda haɗarinsa yake ba. Maganar yaron nan kuwa ta nuna wurin daidai. A wannan kokawa kamu ba ya zuwa shi kaɗai, jere yake zuwa, kuma sau da yawa rauni na faruwa ne a lokacin da yaro ya ɗauka ya tsira.

Inda tamu ke ƙarewa, nan wannan ke farawa

Kokawa ba baƙuwarmu ba ce. Daga Nguru zuwa Gashuwa da ƙauyukan da ke kewaye, bayan an kawar da amfanin gona samari kan fito dandali ana kiɗa ana kirari. Maƙwabtanmu na Nijar ma sun mai da ita wasan ƙasa tun 1975, lokacin da aka fara gasar takobi a Tawa, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya lashe.

Ɗan kokawar da ya san hannunsa bai taɓa dogara da dabara ɗaya ba. Zai kai maka taɗiya a ƙafar dama, kana ɗage ta nauyinka ya koma kan ta hagu, sai ya sunkuya ya ɗauke waccan. Ke nan jera dabara a bayan dabara abu ne da iyayenmu suka sani. Sai dai a kokawar gargajiya da zarar an kai mutum ƙasa an yi kaye, wasa ya ƙare, kowa ya kakkaɓe jikinsa.

A sabuwar kuwa, kai mutum ƙasa shi ne buɗe fage. Daga nan ake neman ɗayan abu biyu: a lanƙwasa masa gaɓa zuwa inda ba ta lanƙwasuwa, ko a matse masa wuya, har sai ya miƙa wuya da kansa. Alamar miƙa wuyan ita ce ya bubbuga jikin abokin karawarsa ko ƙasa da tafin hannu sau biyu ko uku. Wannan bugun sallamawa shi ne birkin wasan gaba ɗaya. Babu wani birki bayan shi.

Asalin wasan daga Jafan ne. A 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano (sunansa ke nan, ba shi da alaƙa da birnin Dabo) ya kafa makarantar judo a Tokiyo. Wani ɗalibin makarantar, Mitsuyo Maeda, ya kai wasan Burazil, inda iyalan Gracie suka mayar da hankali kan ɓangaren faɗan ƙasa. A watan Nuwamban 1993 aka yi gasar UFC ta farko a Amurka, Royce Gracie ya lashe ta ta hanyar tilasta wa waɗanda suka fi shi jiki su sallama. Mu kuma wasan ya shigo gidajen kallonmu da wayoyin 'ya'yanmu sosai ne bayan da Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Jihar Edo, ya zama zakara a watan Maris na 2019, ga kuma Khabib Nurmagomedov na Dagistan a Rasha, wanda samarinmu ke matuƙar so.

Yadda ake jera kamu

Ƙa'idar ɗaya ce: duk kariyar da mutum ya yi, ya buɗe wani wuri. Hannu biyu gare shi da wuya ɗaya. In ya kai hannuwan su kare wuya, hannuwan sun fito fili. In ya janye su ya ɓoye, wuya ya zauna babu mai gadi. Ƙwararre ba ya damuwa idan kamun farko bai ci ba, domin ya riga ya san inda jikinka zai gudu, can yake jiranka. Bahaushe ya ce an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya sami yaron da na ba ku labari shi ne jeri mafi sauƙi. An nemi wuyansa, ya miƙe hannu ya tura. Miƙaƙƙen hannu kuwa shi ake so. Abokin ya rungume hannun, ya ƙetara ƙafa ta kan fuskarsa, ya faɗi da baya, hannun na tsakanin cinyoyinsa. Daga nan ƙugunsa ya zama madogara a ƙarƙashin gwiwar hannun, kamar yadda ake karya kara a kan gwiwa. Yara na kiran wannan kamu ambar.

Akwai wani jeri mai hawa uku da duk mai koyon wasan ke haddacewa. Wanda ke ƙasa, kwance da baya, ya kama hannun na sama zai yi masa ambar. Na saman ya fizge hannun. Yanzu kansa da ɗaya hannun sun rage tsakanin ƙafafun na ƙasa, sai a ƙulle ƙafafun a bayan wuyansa. Wannan ita ce shaƙa mai kusurwa uku: cinyar mai kamu na danne gefen wuya ɗaya, kafaɗar wanda aka kama da kanta na danne ɗaya gefen. In ya mayar da hannun baya don ya sama wa wuyansa sarari, sai mai kamun ya juya, ya naɗe kafaɗar da ƙafa, ya murɗe ta. In ya yi tsalle ya ƙundumbala gaba don ya ceci kafaɗar, ya faɗi da baya, hannun ya sake miƙewa, an dawo kan ambar. Hannu, wuya, kafaɗa, hannu kuma. Duk wannan yana iya faruwa cikin ƙasa da rabin minti.

Masu bibiyar wasan za su tuna faɗan Khabib na ƙarshe, ranar 24 ga Oktoban 2020 a Abu Dabi, da Justin Gaethje. A ƙarshen zagaye na farko Khabib ya nemi hannunsa, lokaci ya raba su. A zagaye na biyu ya sake kai shi ƙasa, ya hau kansa, ya ware hannu ɗaya, sannan ya ƙulle wuyan da ƙafafu. Gaethje ya buga alamar sallamawa, alƙalin wasa bai gani nan take ba, kafin a raba su ya suma. Mai karatu, ka lura da wannan. Ƙwararru ne, ga alƙali tsaye a kansu, ga likitoci a bakin fage, amma jinkirin 'yan daƙiƙoƙi ya isa mutum ya fita hayyacinsa. To yaya yara biyu a bayan gida, ko a ɗakin kwanan makaranta bayan an kashe fitila?

Me ya sa na biyun ya fi yin ɓarna

Dalili na farko, jikin yaron na tafiya da ƙarfi zuwa inda ake so. Wanda ya tura da iyakar ƙarfinsa, ko ya fizge, ya tara ƙarfinsa ne a kan na abokin karawarsa, duka biyun suka sauka a kan gaɓa ɗaya.

Na biyu, hankalinsa na kan kamun da ya wuce. Naman jikin da ke kewaye da gaɓa yana kare ta ne idan ya ɗaure kafin nauyi ya sauka. Wanda bai ga kamu na zuwa ba, gaɓarsa a sake take.

Na uku, mai kamun da bai ƙware ba yana sauri. Ya san in ya yi jinkiri abokin zai zame, don haka sai ya fizga maimakon ya matsa a hankali. A bidiyo yana ganin saurin ƙwararru, ba ya ganin shekarun da suka yi suna maimaita abin sannu a hankali a gaban malami.

Na huɗu, hannun da za a buga alamar da shi yana iya kasancewa a danne. A tsakiyar sauya kamu hannu ɗaya na riƙe, ɗayan na ƙarƙashin jiki. Yaron da ba a koya masa cewa zai iya bugawa da ƙafa ko ya yi magana da baki ba, ba shi da hanyar cewa a tsaya.

Na biyar kuma shi ne girman kai. Wanda ya kuɓuce wa kamu ɗaya gani yake zai kuɓuce wa na gaba, musamman in abokai na kallo ko ana ɗauka a waya. Wannan ma tsohon ciwo ne. A 1951 a birnin Riyo na Burazil, Masahiko Kimura na Jafan ya murɗe hannun Helio Gracie, Helio ya ƙi sallamawa har hannun ya yi mummunan rauni, sai da yayansa ya jefa tawul aka tsayar da wasan. Har yau sunan Kimura ake kiran wannan kamu da shi. Gaba da gabanta, kuma gaɓar mutum ba ta san jarumta ba.

Abin da ke lalacewa a jiki

A gwiwar hannu, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwa na iya yagewa, ko gaɓar ta goce. Ga yara akwai ƙarin matsala. A ƙarshen ƙashin yaro akwai wani sashe mai taushi kamar guringuntsi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo, kuma ga maza ba ya gama ƙanƙamewa sai wajen shekara 16 zuwa 18. Wannan sashe ya fi jijiyoyin rauni. Murɗar da za ta zama targaɗe ga babba, ga yaro tana iya zama karaya a daidai wurin girma, wadda in ba a gyara da kyau ba hannun kan girma a karkace ko ya ƙi miƙewa.

Kafaɗa kuwa ita ce gaɓar da ta fi kowace saurin gocewa, kuma matashin da tasa ta goce sau ɗaya yana cikin haɗarin ta riƙa gocewa. Gwiwar ƙafa tana da nata sharrin. Akwai kamun da ake murɗa diddige, ƙarfin ya tafi gwiwa, kuma jijiya kan yage kafin mutum ya ji zafin da zai sa ya sallama.

Wuya ya fi duka. Mutane na zaton shaƙa numfashi take tsayarwa, alhali yawancin shaƙar wannan wasa manyan jijiyoyin jini biyu na gefen wuya take dannewa, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa. In kamun ya zauna daidai, kimanin daƙiƙa 10 sun isa mutum ya suma, sau da yawa ba tare da wani zafi ba. Wanda ya suma ba zai iya buga alama ba. Wani lokaci jikinsa kan yi karkarwa, abokin ya ɗauka ƙoƙarin ƙwacewa yake, ya ƙara matsawa. In aka ci gaba da riƙewa, mintuna kaɗan sun isa ƙwaƙwalwa ta lalace ko a rasa rai. Haka kuma, ko da ba kasafai ba, matsa ko murɗa wuya kan tsaga bangon jijiyar jini daga ciki, jini ya daskare a wurin, bayan sa'o'i ko kwanaki ya jawo shanyewar ɓarin jiki ga matashin da lafiyarsa ƙalau.

Ƙa'idojin da za ku kafa a gida

Na san wasu iyayen za su ce a hana kawai. Ina fahimtar hakan, amma yaron nan kwana biyu ya yi yana ɓoye hannunsa a cikin riga saboda tsoron faɗa. Abin da aka hana ba tare da bayani ba yakan koma ɓoye, raunin ma ya koma ɓoye. Wasan yana da amfaninsa, yana gina jiki, yana koyar da haƙuri da kamun kai, in an same shi a hannun malami. Don haka ga abin da nake ba da shawara.

A nemi mai koyarwa. A tambayi malamin motsa jiki na makaranta ko sashen wasanni na ƙaramar hukuma ko akwai mai horar da judo ko kokawa kusa. In babu, yara su tsaya kan kokawar tsaye da danne abokin karawa a ƙasa, ban da lanƙwasa gaɓa, ban da shaƙa. Ƙungiyoyin judo na ƙasashe da dama sun haramta waɗannan biyun ga ƙananan yara, kuma ko a gasar manya judo ba ta yarda a murɗa wata gaɓa ba sai gwiwar hannu.

Ga manyan samari da ke koyo a gaban malami, abu na farko da za su iya shi ne sallamawa. A buga tun lokacin da aka ji kamu ya zauna, kada a jira zafi. A buga da hannu, ko da ƙafa, ko a ce "saki" da ƙarfi. Duk wani ihu ko nishi na ciwo a ɗauke shi sallamawa ne.

Mai kamu shi ke da alhakin lafiyar wanda ya kama. Ya matsa a hankali, kamar yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. In abokin ya yi shiru ko jikinsa ya saki, ya sake shi nan take ko bai buga ba. Wajen koyon jera kamu, ya isa a kai ga wurin kamun a saki, a wuce na gaba, ba sai an ƙarasa shi ba. Haka ƙwararru ke yi a wajen atisaye, shi ya sa suke daɗewa suna wasa.

Ban da murɗa wuya, ban da murɗa diddige, ban da ɗaga mutum a maka shi da ƙasa don a ƙwace daga kamu. A haɗa yaro da sa'ansa a shekaru da nauyi. Kullum a samu mutum na uku mai hankali da ke kallo, wanda aikinsa raba su ne, ba ɗaukar bidiyo ba. Kada a yi a kan siminti.

Yaron da ke da farfaɗiya, ko sikila, ko ciwon zuciya, ko asma mai tsanani, ko wanda ya taɓa suma a wajen motsa jiki, kada ya shiga sai likita ya duba shi, kuma shaƙa ba tasa ba ce ko kaɗan.

Idan abin ya riga ya faru

In yaro ya suma, a sake shi nan take, a kwantar da shi a gefensa, a duba ko yana numfashi. Kada a zaunar da shi, kada a girgiza shi, kada a ɗura masa ruwa a baki. Yawanci yakan farfaɗo cikin daƙiƙoƙi, amma duk da haka ya bar wasa a ranar, a kai shi a duba shi. In bai farfaɗo cikin minti ɗaya ba, a garzaya asibiti. In ba ya numfashi, a kwantar da shi da baya, a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemo mota. In kuwa faɗuwa ya yi a kan kai ko an murɗe wuyan, yana kukan ciwon wuya ko hannu da ƙafa sun mutu, kada a motsa wuyan, a ɗauke shi a miƙe a kan abu mai tauri.

A kwanakin da suka biyo baya a sa ido. Ciwon kai mai tsanani, ciwon gefen wuya, dashewar murya, wahalar haɗiya, jiri, gani biyu-biyu, karkacewar baki, harɗewar harshe, ko raunin hannu ko ƙafa, kowanne daga cikinsu na nufin asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne.

In gaɓa ce, a rataye hannun da ɗankwali, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, sau da yawa a rana. A kwana biyun farko ban da gashi da ruwan zafi, ban da murza da man zafi, domin suna ƙara kumburi. Kada kowa ya ja hannun da sunan mayar da shi. In an ji ƙara lokacin raunin, ko gaɓar ta sauya siffa, ko yaro ya kasa miƙe hannun sosai, ko yatsu sun yi sanyi, sun yi fari, ko ba ya jin su, to a je a yi hoton ƙashi. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, ga babban asibiti a Gashuwa. Na san da yawa za su fara zuwa wajen mai ɗori. Roƙona shi ne a yi hoton tukuna, domin karayar wurin girma ba ta ganuwa da ido, ɗauri mai tsanani a kan hannun da ke kumbura kuma yana iya tsayar da jini.

Maganin ciwo: nan ma jeri ne

Yanzu na dawo kan abin da uwar nan ta zo nema. Farasitamol shi ne na farko. Babba na shan ƙwaya 2 masu miligiram 500, tsakani awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa, miligiram 15 ga kowane kilo, wato mai kilo 35 ƙwaya ɗaya ta ishe shi a lokaci guda. Kada a ba wanda bai kai shekara 16 ba asfirin.

Sai dangin ibuprofen da diclofenac da piroxicam. Suna rage kumburi, amma suna rage jinin da ke shiga ƙoda, musamman in jiki ya bushe. Ku duba yanayinmu: saurayi ya yi kokawa a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ya yi gumi, bai sha isasshen ruwa ba, sannan ya je kemis aka ƙulla masa haɗi a leda, wanda sau da yawa akwai biyu ko uku daga dangin nan a ciki. Mu mutanen wannan yanki ba sai an gaya mana mene ne ciwon ƙoda ba. Gashuwa da garuruwan da ke bin Kogin Yobe sun daɗe suna fama da shi, har gwamnatin jiha ta sa masana, ciki har da na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, su binciki musabbabinsa. Ba ina cewa maganin ciwo ne ya kawo shi ba. Abin da aka tabbatar shi ne yawan shan waɗannan magunguna na cutar da ƙoda, kuma wanda ke zaune a inda cutar ta yi yawa bai kamata ya ƙara wa ƙodarsa kaya ba. In za a sha, guda ɗaya daga dangin, bayan cin abinci, da ruwa mai yawa, na kwanaki kaɗan, bisa shawarar likita ko mai ilimin magunguna. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya nisance su, mai asma da mai hawan jini su yi tambaya tukuna.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da ke shan magani kafin wasa don kada su ji zafi, har da tramadol. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai miligiram 50 da 100, bisa takardar likita, amma masu 200 da 225 ake sayarwa a ɓoye. Tramadol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana rage hanzarin tunani, yana kama mutum ya kasa bari. A wannan wasa kuwa zafi shi ne mai gaya wa yaro lokacin sallamawa ya yi. Wanda ya kashe zafin da ƙwaya, ya cire wa kansa birki kafin ya hau gangara. Daga nan sai rauni ya kira ƙwaya, ƙwaya ta kira sabon rauni, kamu bayan kamu.

Ban sayar wa uwar nan maganin da ta nema ba. Na ba ta farasitamol, na rataye hannun, na tura su hoto. Bayan kwana uku ta dawo ta ce an ga ƙashin ya tsage ta cikin gwiwar, daidai wurin girma, an naɗe hannun da filastar asibiti, zai yi makonni a haka. Likitan ya ce da an ja shi ko an murza, da sai an yi aiki. Yaron ya tambaye ni ko zai sake yin kokawa. Na ce masa in hannun ya warke kuma likita ya yarda, zai iya, amma sai ya koyi sallamawa kafin ya koyi kamu.

Mai karatu, in kana da saurayi a gida, yau da daddare ka zaunar da shi ba da faɗa ba. Ka ce ya nuna maka bidiyon da suke kallo. Sannan ka yi masa tambaya biyu: in abokinka ya kama ka, yaya kake gaya masa ya saki? In kai ka kama shi ya yi shiru, me kake yi? Amsar da ya bayar za ta nuna maka ko yana shirye da wasan, ko kuwa sai ka tsaya a kansa.